Yadda Turmi Ya Karɓo Mini Kuɗin Ceki

Matso kusa, 'yar'uwa, ja tabarmar nan ki zauna, ki kauce wa hayaƙi. Akwai labarin da nake son ba ki, kuma ba na son ɗaga murya, don wanda labarin ya shafa har gobe aminin maigidana ne, yana shigowa zauren nan yana shan fura.

Ni dai ban yi boko mai nisa ba. Aji huɗu na yi a firamare, sai allo da 'yan littattafan da mahaifinmu ya biya mana. Fita kuma ba ta dame ni ba. In kin ga ƙafata a waje, to bikin dangi ne ko asibiti. Amma Allah ya ba ni kunne. Daga nan tsakar gida nake gane babur ɗin kowa a unguwarmu ta Mafara, kuma in mutum ya yi sallama a zaure ina gane ko gaisuwa ta kawo shi ko buƙata, tun bai kai ga "ya gida" ba.

Sana'ata gumin shinkafa. Da kaka nake sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, daga Garbadu da Morai, lokacin tana da sauƙi, in jiƙa, in turara a rabin duro, in shanya, a kai inji a casa, in sayar. Da tumaki biyu na fara jarin nan, waɗanda na gada wurin mahaifiyata, kuma na fi shekara ashirin ina juya shi. Da shi na yi wa ɗiyana mata kayan ɗaki, da shi ake cefane in rumbu ya yi ƙasa. Malam, wato maigidana, karantarwa yake a zaure sai ɗan noman da muke ci. In jarin nan ya karye, murhuna ya mutu ke nan, babu mai sake hura mini shi.

Malam yana da aboki a Bakura, tare suka yi karatu gaban malami guda tun suna samari. Zan kira shi Alhaji kawai, don can ba shi kaɗai ne Alhaji ba. Kwangilar kai abinci yake yi wa wata makarantar kwana. Mutum ne mai fara'a, mai babbar riga da babbar dariya, kuma tsakanina da shi akwai wasa irin na abokin miji. Wata shekara da damina ta kama, ina da buhu goma sha takwas na gumin shinkafar rani a ɗaki, kusan duk abin da na mallaka, sai ga shi ya taho. Ya tsaya a ƙofar zaure ta ciki, ni ina daga nan.

"Hajiyar da ba ta ga jirgi ba! An yini lahiya?"

"Lahiya lau, Alhajin da ya ga jirgi ya dawo da tumbi. Ya mutanen Bakura?"

Muka gaisa har aka gaida kaji. Sannan ya ce shinkafar yake so, dukanta, kuma bai taya ƙasa ba. Farashin da na faɗa shi ya karɓa. Nan ya kamata in tsaya, don mai saye da gaske sai ya ja. Da aka zo biya ya ce ba ta waya zai turo ba, asusun kwangila ne, da ceki ake fitar da kuɗinsa. Ya rubuta da sunana, ya sa hannu, ya miƙa wa Malam, Malam ya miƙo mini.

"Kada ki yi gaggawar kai shi," in ji shi. "Na san ki da ajiya. Wanga ba daddawa ba ce balle ta yi tsutsa. Ki ajiye abinki, in sha Allahu duk ranar da kika je kuɗinki na nan, in sha Allahu."

Kunnena ya ji. In sha Allahu biyu a magana guda, kuma dariyarsa ta riga ƙarshen maganar fitowa. Na ji sarai. Amma akwai abin da ya rufe mini hankali, kuma shi ne wautar da na yi, bari in faɗa miki ita.

Kin san yadda gidajenmu suke. Ranar da kuɗi suka shigo wayata, ƙarar alat ɗin kamar shela ce. Kafin la'asar ƙanwar Malam ta aiko, ɗiyarta za ta yi suna. Kafin magariba makwabciya ta shigo da maganar magani. Masu cire kuɗi kuma ga su nan bakin titi, ba ki da damar cewa banki ya yi nisa. Ni kuma ba na iya ƙarya, ba na iya hanawa. Haka jarina yake tsiyaya kowace damina, da kaka in tarar ya rame. To da na riƙe takardar nan sai na ce a raina, yau ga kuɗin da ba su rantuwa. Ba a gutsura su, ba a canza su, ba a ce mini "ɗan ciro ko kaɗan ne". Na naɗe ta cikin leda, na sa a ƙasan kwalla, na ɗora kwanon turaren wuta a kai. Na ce sai kaka.

Kai, na ji daɗin daminar nan! Duk wadda ta shigo da buƙata sai in buɗe hannu in ce, "Wallahi ba ni da ko sisi a hannu, kuɗina na cikin takarda." Gaskiya tsantsa, babu kaffara. Har ƙiba na yi. Wani lokaci in na idar da sallar walaha sai in ɗaga kwanon in leƙa, in ga tana nan tana ƙamshi, in mayar. Har na fara ba mata shawara, ina cewa duk mai son jarinta ya kai kaka ta nemi a biya ta da ceki. Allah ya sa babu wadda ta bi.

Haka aka tafi har gero ya nuna, shinkafa ta fara sunkuyar da kai. Wata Asabar ƙanena ya zo gaishe mu. Magatakarda ne a wata kotu a Maradun, siriri, mai tabarau, baki cike da doka, tun yana yaro ba a cin musu da shi. Bayan ya ci tuwo, son a yaba mini ya sa na ɗauko takardar.

"Dubi dabarar yayarka, kai da ka yi boko."

Ya karɓa, ya shinshina, ya dube ni. Ya duba kwanan watan da ke jiki, ya shiga ƙirga da yatsu. Na ga ya aje kofin ruwan da ke hannunsa.

"Yaya, mi kika yi haka? Wata uku kina kwance da ceki cikin kwalla?"

"Wata uku ba su cika ba. Kuma ai ya ce ba ya lalacewa."

"Saura kwana uku su cika. Ran Talata."

"To in sun cika, tashi zai yi?"

Sai ya gyara zama, ya cire tabarau, irin yadda yake yi in zai yi wa mutum karatu. Ya ce ceki ba kuɗi ba ne, saƙo ne mutum ya rubuta wa bankinsa cewa a ba wance kaza daga cikin abin da na ajiye. In akwai, a ba ki. In babu, takarda ce kika riƙe. Ya ce in ceki ya kai wata shida ma banki ba ya kallonsa. Amma abin da ya fi damunsa wata ukun ne. Doka ta ce wanda ya karɓi kayan mutum ya ba da ceki, aka kai banki cikin wata uku daga ranar da ke jiki, aka dawo da shi don babu isassun kuɗi, to laifi ya yi, kamar wanda ya yi zamba. Hukuncinsa ɗaurin shekara biyu, kuma babu zaɓin tara.

"Shekara biyu? Alhaji? Da tumbin nan?"

"Da shi. Amma in kika bari wata ukun suka wuce, wannan sandar ta fita hannunki. Sai dai ki kai ƙarar bashi kamar kowa, ki yi ta hawa kotu ana ɗagawa."

Na ce, "Kai dai ka cika mugun zato. Wa ya ce maka babu kuɗin?"

Ya ce, "Wa ya ce miki ki ajiye shi?"

In sha Allahun nan guda biyu suka dawo mini kunne kamar yanzu ake faɗarsu.

Ran Litinin da safe na yafa mayafin da nake zuwa biki da shi, Malam ya ɗauke ni a babur. Rabon da in shiga banki tun ranar da aka buɗe mini asusu. Ƙofar nan tasu mai magana ta ƙi ni sau uku, ashe makullan da na ƙulle a bakin zane ne. Mai gadi yana ta ba ni haƙuri, ni kuma ina ba ƙofar haƙuri. Da na kai gaban teburi, yarinyar da ke wurin ta karɓi cekin, ta ce, "Mama, ƙamshi!" Na ce na gode, haɗin hannuna ne. Ta danna abinta, ta dubi allon, fara'ar ta ragu. Ta tashi ta nuna wa wani na kusa da ita. Ƙasa ƙasa ta yi maganar, a zatonta gilashi ya tare, amma na ji ta sarai: "Wani cekin mutumin nan ya sake dawowa." Shi kuma ya girgiza kai.

Ta dawo ta ce, "Mama, sai dai ki koma wurin wanda ya rubuta."

Buhu goma sha takwas, ɗaya bayan ɗaya, suka wuce ta gaban idona. Amma na tuna abin da ƙanena ya ja kunnena a kai, na ce, "To ɗiyata, buga mini hatimi a kai, ki sa ranar yau da dalili." Ta dube ni da mamaki, ta buga. Na karɓi abina na fito, wannan karon ƙofar ba ta ce komai ba.

A hanya Malam sai cewa yake, "Kuskure ne. Wallahi kuskure ne. Mutumin da muka ci ƙwarya guda." Ni ko idona na kan titi. Motocin shanshera sun fara shigowa gari, ina ganin buhunan ta gefen mayafi, ga shi ba ni da na kwano guda.

Malam ya kira shi a waya. Ya ce makarantar ce ba ta biya shi ba, a ƙara haƙuri. Ƙanena da ya ji ya ce haƙuri ba ya sayen shanshera. Ya rubuta masa takarda cikin ladabi, ya ce ga ceki ya dawo, ga hatimin banki, an ba shi kwana bakwai ya zo a daidaita kafin a je gaba. Na tambaye shi, in aka je gaban, mi zan samu? Ya ce hanya biyu ce. Ta farko a kai wa hukuma, a gurfanar da shi a babbar kotu. Zai iya kare kansa in ya nuna yana da ƙwaƙƙwaran dalilin yarda cewa kuɗin za su kasance a ciki, amma "ina sa rai za a biya ni" ba lallai alƙali ya karɓa ba. Ta biyu ƙarar neman haƙƙina. Na gaya masa abin da na jiyo a banki, ya ce to ke nan nawa ne na biyu. In aka samu na uku, banki zai karɓe littafin cekinsa, a hana shi na shekaru, a baza sunansa ga sauran bankuna, kwangila kuma ta ƙare.

Na ce, "In aka ɗaure shi, kaka za ta jira ni?"

Ya ce, "Ba za ta jira ba."

"To ni shinkafata nake so, ba Alhaji a gidan yari ba. Matarsa ƙawata ce, ɗiyansa tara."

"Ki bari dai ya san sandar na hannunki."

Aka sa zama ran Alhamis da hantsi, ranar da babu karatu a zaure. Za a zauna da Malam, da Alhaji, da ƙanena, da limamin unguwarmu, dattijo mai ilimi wanda ba a musa masa. Ni kuwa ba na shiga zaman maza. Matsalata guda: Malam. Na san mijina. In Alhaji ya ce "don zumunci" sau ɗaya, zai yafe rabi. In ya share hawaye, zai yafe saura ya raka shi da kaza. Don haka tun da safe na zaunar da shi.

"Malam, zan sa turmi a bayan katangar zaure. Duk abin da ya faɗa, kada ka amsa sai ka saurara. In ka ji daka, ban yarda ba. In ka ji shiru, na yarda."

"To in na ji tausayinsa fa?"

"Ka ji tausayin, amma ka saurari turmi."

Ya yi dariya ya ce ya ji. Na jawo turmi na kafa a gindin katanga, na zuba 'yar dusa don kada a ce banza nake daka. Abin da na manta shi ne, da asuba na gaya wa surukata, matar ɗana, wadda ba ta fi wata huɗu a gidan ba, cewa za a yi baƙi, ta daka gero a dama musu fura. Yarinya ce mai ƙwazo, mai kunya, ba ta ɗaga kai ta dube ni. Sashensu yana can ƙarshen tsakar gida.

Aka taru. Aka yi gaisuwa mai tsawo, liman ya buɗe da addu'a. Muryar Alhaji ba irin wadda na sani ba ce, ta shige ciki. Ya ce shi bai yi nufin cuta ba, lokacin da ya rubuta cekin an yi masa alkawarin biya cikin sati biyu, ya san kuma ni mai ajiya ce, ya ɗauka kafin in je kuɗin sun shiga. Ƙanena ya karanto masa shekara biyun nan a hankali, har da "babu zaɓin tara". Na ji wani ya ja numfashi.

"To ga abin da zan yi," in ji Alhaji. "A ba ni wancan cekin, in rubuta sabo."

Na ɗaga taɓarya na sauke da ƙarfin da dusa ta yi tsalle. Dum! Dum! Dum!

Malam ya yi gyaran murya. "A'a, Alhaji. Wanga ba ya yiwuwa."

"To a jira makaranta ta biya ni, in kawo gaba ɗaya, don zumunci."

Dum! Dum! Ban bari ma Malam ya fara tausayin ba.

"Shi ma dai... a'a."

Sai Alhaji ya ce, cikin muryar wanda ya sauke girman kai, jiya ya sayar da bijiminsa guda, rabin kuɗin na aljihunsa yanzu. Sauran rabin zai biya da shanshera daga gonarsa ta Bakura, a farashin kasuwar Talata, cikin sati uku. Zai bar injin ban ruwansa jingina a gidanmu, a rubuta, liman ya sa hannu, cekin kuma ya zauna wurina har buhun ƙarshe ya shigo.

'Yar'uwa, abin da nake so ke nan, har ya fi. Shanshera ce dama zan saya. Na jingine taɓarya, na naɗe hannu, ina murmushi ni kaɗai. Na ji Malam ya buɗe baki: "To Alhamdu..."

Dum. Dum. Dum. Dum.

Surukata ta fara dakan fura.

Malam ya haɗiye hamdalarsa. "A'a," in ji shi, murya kamar mai tambaya. "Ba a yarda ba."

"Ba a yarda ba? Malam, mi ya rage?"

Na juya ina ɗaga mata hannu. Tana can kanta a sunkuye. In na yi kira, maza za su ji, asiri ya tonu. In na tafi wurinta, zan rasa abin da ake faɗa. Na kaɗa mayafi, na yi tsalle a shekaruna. Ta hango ni ta wutsiyar ido, ta ɗauka cewa nake baƙi na jira ta yi sauri. Sai ta ƙara wuta, har tana jefa taɓarya sama tana tafi.

"To zan kawo har ƙofar gida, kuɗin mota nawa," in ji Alhaji.

Dum dum dum dum.

"A'a."

"Na ƙara buhu biyu a kai!"

Dum dum dum.

"A'a, Alhaji." Malam kamar zai yi kuka.

"Da rago! Ragon da na ajiye na layya! Malam, ɗaure ni kake son a yi? Ni da kai?"

Nan liman ya buga sandarsa a ƙasa. "Tsaya, tsaya. Malam, kai da ke karantar da mutane babin ciniki? Mutum ya kawo haƙƙinku cif, ka ƙi. Ya ƙara, ka ƙi. Ƙari a kan bashi mi sunansa a littafin da kake biya wa ɗalibai?"

Dakan yarinyar nan bai tsaya ba. Sannan na ji mijina, bawan Allah, ya ce a hankali, "Allah gafarta malam, ni tun ɗazu na yarda. Turmi ne bai yarda ba."

"Wane turmi?"

Ƙanena ne ya fara fashewa da dariya, don shi ya gane. Na ga abin ya kai inda ya kai, na matsa jikin katanga na yi sallama. Na gaishe da liman, na ce a gafarce ni, turmi biyu ne a gidan, nawa ya yi shiru tun maganar bijimi, wancan na fura ne. Liman ya yi dariya har ya shiga tari. Sannan na ji tsohuwar muryar Alhaji ta dawo.

"Hajiyar da ba ta ga jirgi ba! Ashe tun safe da taɓarya nake shari'a?"

"Da ita, Alhaji. Kuma ta fi cekinka faɗin gaskiya."

"Na karɓa. Wallahi na karɓa."

Na ce buhu biyu da rago ya riƙe abinsa, ba na son ƙwayar da ba tawa ba. Kuɗin mota dai ya biya, don ni na biya na zuwa banki. Liman ya ce wannan daidai ne. Na ƙara da cewa akwai wani mai ceki irin nawa da ya dawo, ban san ko wane ne ba, amma Alhaji ya sani, ya je ya same shi kafin a kai na uku. Alhaji ya ce, "Wa ya gaya miki?" Malam ya ce, "Kada ka wahalar da kanka, kunnenta ne." Ƙanena ya rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu, aka miƙo mini ta ƙofa na dangwala. Sannan aka kai musu furar, kuma kowa ya ce bai taɓa shan mai laushinta ba. Dole ta yi laushi.

Washegari da kuɗin bijimin na aika Garbadu aka auno mini shanshera tun ba ta hau ba. Sati biyu da kwana huɗu motar Bakura ta tsaya a ƙofar gida da sauran. Na sa hannu cikin kowane buhu har gwiwar hannu, don na daina yarda da saman abu. Da na ƙarshe ya shiga ɗaki na ɗauko cekin daga ƙasan kwalla na ba Malam ya kai masa, aka ɗora masa injinsa a mota. Ya shinshina takardar ya ce ko ba komai an mayar masa da ita da ƙamshi. Ranar na hura murhu uku a lokaci guda, hayaƙi har makwabta.

Surukata sai bayan kwana biyu ɗana ya ba ta labari. Ta yini a ɗaki don kunya. Yanzu da ta saba da ni, in muka zauna tsintar shinkafa sai ta ce, "Inna, ragon nan fa nawa ne, ni na daka shi, kika mayar." Ƙanena kuwa har yau yana cewa na yi sauƙi da yawa, wai irin wannan sauƙin ne ke sa mutane rubuta abin da ba su da shi. Wataƙila yana da gaskiya. Ni dai na san kwana ɗaya tak ya rage tsakanina da rasa sandar nan, kuma ba don ita ba da bijimin nan yana nan yana cin harawa, ni ina nan ina jiran makaranta. Masu zuwa rance sun dawo kamar da, na kuma koyi cewa "wannan jari ne, ba na taɓa shi" da bakina, ba sai takarda ta faɗa mini ba. Da wuya a farko, amma baki ya saba.

To abin da ya sa na ce ki matso. Shekaranjiya Alhaji ya zo. Makarantar ta biya shi tuni, ya sayi wani bijimin, babbar rigar ta dawo da dariyar. Buhu ashirin yake so. Ya ce rabi a hannu, lakadan, rabi bayan wata guda, liman shaida, babu ceki ko na magani. Na kasa kunne da kyau, in sha Allahu guda ɗaya ya faɗa, kuma a inda ya dace. Malam ya ce shi ba ruwansa, a tambayi turmi. Na ce a ba ni zuwa Talata.

Shinkafar ga ta can a ɗaki, Talata kuma jibi. In ke ce, za ki ba shi?